Ɗan takarar da ba naka ba, shi ma mutuncinsa haramun ne a kanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan'uwa na Gusau da sauran garuruwan Zamfara.

Da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato sai harsuna su kwance. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, da ya ɗauki waya sai ya laƙaba wa ɗan takarar wata jam'iyya sunan banza, ya tura hoton da aka haɗa don a ci masa fuska, har ya kai ga zagin mahaifiyarsa. In ka yi masa magana ya ce ai siyasa ce. Malam, a ina aka ce mala'iku suna ajiye alƙalami a lokacin kamfe?

Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Aya ta 12 ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwanka matacce. Aya ta 6 kuwa ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kuma wallahi yawancin muryoyin da ake turawa a WhatsApp ba wanda ya san bakin da suka fito. Annabi (SAW) ya ce zagin Musulmi fasiƙanci ne.

Wani zai ce ai wancan ba Musulmi ba ne, ko azzalumi ne. Allah ya ce a Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Da ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wajen Fir'auna, umarni ya ba su su yi masa magana mai laushi. Wanda kake adawa da shi bai kai Fir'auna ba, kai ma ba ka kai Musa ba. Ka soki aikinsa da hujja: ka ce ya gaza a tsaro, taki ya gagari manomi, buhun masara ya fi ƙarfin talaka. Wannan haƙƙinka ne, kuma ƙuri'arka amana ce. Amma in ya yi abin kirki ka faɗa, ko da jam'iyyarsa ba taka ba ce.

Mun ga inda zafin baki ke kaiwa. Bayan zaɓen 2011 an kashe mutum fiye da 800 a rikicin da ya ɓarke a Arewa, galibinsu talakawa. A 2015 kuwa Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ya taya shi murna tun kafin a gama bayyana sakamako, ƙasa ta kwana lafiya. Nan gida ma, Bello Matawalle ya hau kujerar gwamna a 2019 ƙarƙashin PDP, a 2021 ya koma APC. Manyan suna sauya sheƙa, suna haɗuwa a ɗaurin auren ƴaƴansu suna musabaha. Kai kuma ka bar majalisar mai shayin da kuka shekara kuna zama, an haɗu a jana'iza ka kau da kai don kada ka miƙa wa ƙaninka hannu, alhali ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku bai halatta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da jiharmu take ciki. Ƴan bindigar da ke shiga ƙauyukan Maru da Zurmi da Shinkafi ba su taɓa tambayar kowa katin jam'iyya ba. In aka sace yaro, maƙwabcin da ka zaga saboda ɗan takara shi ne zai fara bi gida-gida yana neman masu taimako. Matsalar tsaro sai ƴan majalisarmu na kowace jam'iyya sun yi magana da murya ɗaya, kuma ba za su yi ba muddin muna kiran duk wanda ya zauna da abokin hamayya maci amana.

In akwai wanda ka fitar daga zauren dangi ko ka toshe lambarsa saboda zaɓe, ka neme shi kafin Juma'a. Allah ya zaɓa mana shugaba mai tausayin talaka, ya dawo da zaman lafiya Zamfara.