Gyaɗar Jojiya da gyaɗar Kano

Shekara tara ke nan ina jan tirela a jihar Jojiya da ke kudancin ƙasar Amurka. In ɗauko kwantena a tashar jiragen ruwa ta Savannah da asuba, in bi babban titin I-16 zuwa Macon, in hau I-75, kafin azahar na sauke a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ajiya da suka kewaye Atlanta. Tafiyar kusan kilomita 400 ce. Wanda ke zaune shi kaɗai a bayan sitiyari na awa huɗu ba ya rasa abin tunani, ni kuwa nawa tunanin kullum Kano yake komawa.

Gyaɗa ce ta fara tsaya mini a rai. Wata kaka aka tura ni ɗaukar kaya kudancin jihar, sai ga gonakin gyaɗa iya ganin ido, an tuge ta an kifar tana shan rana, ƙamshin ƙasar sak irin na ƙauyenmu. Jojiya ce ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka, kuma tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ma manomin gyaɗa ne daga wani ɗan gari, Plains. Kakana kuwa dako ya yi a dalar gyaɗa ta Kano, da kansa ya hau da buhu bisa kai, har ya rasu yana ba da labarin. Har gobe Najeriya ta fi Amurka baki ɗaya noman gyaɗa. To me ya sa manomin Jojiya ke sayen tarakta sabuwa, namu kuma ke sayar da buhu tun kafin ya bushe don biyan bashin taki? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce hanya, da abin da aka gina a bakin hanyar, da kuma riƙon da aka yi mata.

Atlanta ba ta da teku, ba ta da kogin da jirgi zai bi. Dogo ne ya haife ta. A 1836 majalisar jihar ta amince a shimfiɗa layin dogo mallakar jiha, Western and Atlantic, wanda zai nufi arewa zuwa kogin Tennessee. A 1837 aka kafa turke a daji aka ce nan layin zai ƙare, wurin ma Terminus aka riƙa kiransa, wato ƙarshen layi. Wasu layukan daga Augusta da Macon suka zo suka same shi a nan, sai mahaɗa ta zama gari, a 1845 aka sa mata suna Atlanta. A yaƙin basasar Amurka, a 1864, sojojin Janar Sherman suka ƙone ta saboda dogon nan, bayan yaƙi aka sake ɗora ta a kan dogon dai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layin nan na farko har yau mallakar gwamnatin Jojiya ne. Ta ba kamfanin jiragen ƙasa na CSX haya, jiragen kaya na bin sa dare da rana, kuɗin haya na shiga baitulmalin jiha. Layin da aka gama tun wajen 1850 ke nan.

Kano ma ta samu nata rabon, kuma ta samu ne tana babban birnin kasuwanci mai ɗaruruwan shekaru, lokacin da ayarin raƙuma ke kai tufafinta da fatunta har bakin Bahar Rum. Dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke kwaɗayi don masaƙun Lancashire a Ingila, amma manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata suka shiga ƙauyuka suna saye. Daga baya layi ya kai Ƙauran Namoda da Nguru, a 1964 ya kai Maiduguri. Har gyaɗar Damagaram ta riƙa biyowa ta nan.

Akwai wani dacen da duk lokacin da na tuna sai jikina ya yi sanyi. A 1925 ne birnin Atlanta ya karɓi hayar wani tsohon filin tseren motoci don ya mayar da shi filin jirgin sama. A wannan shekarar dai, cikin Nuwamba, jiragen sojan saman Ingila suka sauka a filin dawakai na Kano, a tafiyar da aka fi ɗauka ita ce zuwan jirgin sama Najeriya na farko. Shekara ɗaya muka fara. Kamfanin jiragen sama na Delta ya mayar da hedikwatarsa Atlanta a 1941, yau filin nan, da ake kira Hartsfield-Jackson, na ɗaukar fasinja sama da miliyan 100 a shekara. Kano kuwa, wadda a da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke yada zango a cikinta, yanzu ɗan Kano da dama sai ya fara zuwa Abuja ko Legas kafin ya fita waje.

Mutanenmu kan ce ai su Turawa ne, suna da kuɗi. Wanda ya san tarihin Jojiya ba zai faɗi haka ba. Jiha ce da ta daɗe cikin talauci, ta jingina da amfanin gona guda ɗaya kamar yadda muka jingina da gyaɗa. Wajen 1915 wani ƙwaro mai cin ƙwallon auduga ya shigo, cikin 'yan shekaru ya durƙusar da noman, dubban mutane suka bar gonaki suka yi arewa neman aiki. Mu ma mun ga irin wannan: fari na farkon shekarun 1970, sai cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma. Bambancin shi ne lokacin da audugarsu ta faɗi, dogonsu bai faɗi tare da ita ba. Ya ci gaba da ɗaukar katako da farar ƙasa da gyaɗa, garuruwan da ke bakinsa suka koma wasu sana'o'in. Namu dogon an gina shi ne don abu ɗaya, ya kwashi ɗanyen kaya zuwa teku, da kayan suka ƙare sai aka bar shi ciyawa ta rufe. Aka mayar da komai kan tirela, tirela kuma ta cinye titi.

A Jojiya ba a yar da tsohuwar hanya don an samu sabuwa. Da aka zo gina manyan titunan tarayya bayan 1956, guda uku aka haɗa a tsakiyar Atlanta, I-75 da I-85 da I-20, kusan a inda layukan dogo suka haɗu tun farko. Da kwantena ta zo duniya, sai aka faɗaɗa tashar Savannah, aka yashe kogin da tashar ke bakinsa ya ƙara zurfi, aikin da aka kammala a 2022, aka kuma shigar da dogo har cikin tashar. Yanzu tana karɓar kwantena sama da miliyan 5 a shekara idan an auna da mai ƙafa 20. Ni da nake cin abinci da tirela ina faɗa da babbar murya cewa ba tirela ce ƙashin bayan wannan jiha ba. Muna cike gurbi ne tsakanin jirgin ruwa da jirgin ƙasa da ƙofar masana'anta. Shi ya sa Kia ta kafa masana'antar motoci a West Point a bakin I-85 ta fara aiki a 2009, Hyundai kuma ta gina tata a bakin I-16 kusa da Savannah, ina wuce ta kullum.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Dalton, wani gari a arewacin jihar. A ƙarshen ƙarni na 19 wata yarinya, Catherine Evans, ta farfaɗo da wani tsohon salon ɗinkin zanen gado na hannu. Matan ƙauye suka koya, suka riƙa yi a gida. Da aka yi titin Dixie mai kai masu yawon shan iska Florida, sai suka riƙa shanya zannuwan a bakin hanya, matafiya na tsayawa suna saye. Kasuwa ta buɗe har hannu ya gaza, sai makanikan garin suka gyara kekunan ɗinki suka ƙara musu allurai. Daga wannan injin aka koma yin kafet, yau akasarin kafet ɗin Amurka daga yankin Dalton yake fitowa, kuma tun 2018 suna da tashar kaya ta kan tudu a kusa da su wadda jirgin ƙasa ke haɗa ta kai tsaye da Savannah. Duk lokacin da na shiga garin sai in tuna marinar Ƙofar Mata, da majema, da dukawa, da masu ɗinkin hula. Sana'armu ta fi tasu tsufa nesa ba kusa ba. Mun ma kai matakin masana'anta, domin masaƙar Kaduna ta buɗe tun 1957, kuma na tashi na ga Bompai da Sharaɗa da Challawa suna hayaƙi, ma'aikata na fita da kekuna kamar tururuwa. Wuta ta gagara, dogo ya mutu, kuɗin dakon kaya da na man janareto suka fi ƙarfin riba. Yau ka shiga Kantin Kwari ka ƙirga atamfa nawa ce aka saƙa a gida.

Ba zan yi wa Jojiya kwalliyar da ba ta da ita ba. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 a wata gona kusa da Savannah shi ya mayar da auduga zinariya, shi ne kuma ya hura wutar bauta: bayi a jihar sun tashi daga kimanin dubu 29 a 1790 zuwa sama da dubu 460 a 1860, kuma cikin kakanninsu akwai waɗanda aka kamo daga yammacin Afirka. Layin dogon da nake yabo ya ratsa ƙasar ƙabilar Cherokee ne, waɗanda aka kora da bakin bindiga a 1838. Babban titin tsakiyar Atlanta ya tsaga unguwar Auburn, cibiyar kasuwancin baƙaƙen fata, unguwar da aka haifi Martin Luther King. Sai da Maynard Jackson ya zama baƙar fata na farko a kujerar magajin gari, bayan zaɓen 1973, ya kafe cewa sai an ba kamfanonin tsiraru kaso cikin kwangilar sabon filin jirgi, sannan arzikin ya fara ɗan zagayawa. Har yanzu akwai ƙananan hukumomi a kudancin jihar da babban titi bai bi ta kansu ba, shaguna a rufe, matasa sun gudu. Duk wanda zai zana sabuwar hanya a Arewa ya kamata a tambaye shi gidan wa za ta rushe, kuma wa za ta tsallake.

Na san ana ta aiki a gida. An buɗe tashar kaya ta Dala a 2023, ana shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano, ga na Kano zuwa Maraɗi. Ina murna, amma kunnena ya gaji da jin zancen kujerun fasinja da ranar yanke ƙyalle. Ni taragon kaya nake so in ji labarinsa: sau nawa a mako zai tashi, nawa ne kuɗin kwantena daga Apapa, wa zai gyara layin bayan shekara ashirin kuma da wane kuɗi. Ina so in ji an ce ga matatsar man gyaɗa da riɗi a gefen tashar Kazaure ko Daura, ga wuta da aka ware wa Sharaɗa da Challawa, ga reshen dogo da ya shiga kasuwar Dawanau. In ba haka ba, sabon layin zai yi abin da na 1911 ya yi ne, ya kwashi ɗanye ya tafi, ya dawo mana da shi a kwali.

Makon jiya ƙanena ya kira ni ina tsaye a wata mararraba a Macon, an rufe mana hanya jirgin kaya na wucewa, kwantena bisa kwantena, na ƙirga tarago har na ɓace lissafi. Ya ce, "Yaya, motar kayan nan kwananta takwas ke nan da barin Legas, direba ya ce suna Mokwa, taya biyu sun fashe, kuma sai an ƙara masa kuɗin hanya." Na ce masa ya yi haƙuri, in na sauke kaya zan turo abin da ya sawwaƙa.