Bindiga mai salansa ba ita ta ɓoye makasan Legas ba

Da zarar hirar kisan manya ta taso a majalisun 'yan Arewa na Agege ko teburin mai shayi a Obalende, sai wani ya jefo zancen bindigar da ba ta ƙara. Da ita ake toshe kowace kafa: shaidu su ce harbi uku suka ji, a ce ai mai na huɗun salansa ya ɗaura. Amurkawa sun daɗe suna wannan musu kan kisan Shugaba Kennedy a Dallas a 1963, mu kuma muka ara muka yafa.

Na'urar dai akwai ta, tun 1909 Hiram Percy Maxim ya yi mata rajista a Amurka. Bututu ne mai ɗaki-ɗaki da ake ɗaurawa a bakin bindiga, yana riƙe hucin albarushi ya lafa kafin ya fita. Aikinsa irin na salansar babur ne: ƙara ta ragu, amma na kusa zai ji. Harsashin da ya fi sauti gudu kuwa, irin na AK-47, yana keta iska da tasa ƙarar, bututu bai isa ya hana ba. Wancan "fit" na fim, masu haɗa sauti ne suka ƙera shi.

Abin da ke ci mini rai, zancen yana kawar da idonmu daga inda ciwon yake. Janar Murtala cikin cunkoson motoci aka buɗe wa wuta a Ikoyi, safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, jama'a na ji na gani. Baƙar marsandinsa na nan a gidan tarihi na Onikan, wanda ya matsa kusa zai ga hujojin harsashi a jikinta. Laftanar Kanar Dimka ma, jagoran yunƙurin juyin mulkin, da bakinsa ya yi shela a rediyo. Kudirat Abiola, matar Cif MKO Abiola, a bisa titin Legas aka harbe ta ranar 4 ga Yuni 1996, ido na ganin ido. Aka yanke wa mutum biyu da ake tuhuma da kashe ta hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a 2013, har yau babu wanda ke ɗauke da alhakin jininta a gaban shari'a.

Na Funsho Williams ya fi tsaya mini a wuya. A gidansa na Dolphin Estate aka shaƙe shi aka soke shi a Yulin 2006, yana neman takarar gwamnan Legas. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Da aka zo kotu, jami'in binciken kimiyya na 'yan sanda ya shaida cewa samfurin jinin da aka ɗiba ya lalace saboda ɗauke wutar lantarki. A 2014 alƙali ya sallami mutum shida da ake tuhuma. Wannan ya kamata mu riƙa tayar da jijiyar wuya a kai: wa aka danƙa wa ajiyar jinin, me ya hana a sa wa firjin janareta, kuma wa aka hukunta?