Murar tsuntsaye a Kano: a daina ɗora wa masu kiwon gida laifi, a biya su diyya

Tun da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙaramar hukumar Gwale a watan Janairun 2025, wata magana ta samu gindin zama a bakin mutanen da nake zaton sun fi haka sani, kuma duk sanda hunturu ya kama sai a sake kwance ta. Wai masu kiwon kaji a cikin gida su ne matsalar. Wai jahilci ne da ƙazanta, mata na sakin kaji suna yawo a lungu suna tonon bola, sannan su jawo wa masu manyan gonaki asarar miliyoyi. Har akwai masu cewa a kafa doka kawai a hana kiwo a cikin birni kowa ya huta. Na ji wannan magana a majalisa, na gan ta tana yawo a WhatsApp, kuma duk sanda na ji ta raina ɓaci yake yi, domin an ɗauki wanda cutar ta fi cuta an mayar da shi mai laifi.

A koma kan labarin Gwalen kansa. Matashi ne ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza cikin watan Disamba, ya kawo ta gida ya haɗa da kajinsa da zabinsa, ba a jima ba akasarinsu suka mutu. To a ina agwagwar ta kwaso cutar? Ba dai a gidansa ba. Da kuɗinsa ya saya, a kasuwar da kowa ke shiga. Likitocin dabbobi kuma sun daɗe suna faɗa cewa agwagwa na iya ɗauke da ƙwayar cutar tana kiwonta lafiya ƙalau a ido, alhali kaza in ta kamu kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta. Mun ma san da labarin ne kawai saboda maganar ta kai gaban likitan dabbobi. Gidaje nawa ne kaji suka zube a wancan hunturun, aka share aka kai bola ba wanda ya ji?

Masu ɗora laifi kan kajin gida sun manta daga inda aka faro. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a Najeriya, karo na farko a duk nahiyar Afirka, kuma a wata katafariyar gonar kaji mai dubban tsuntsaye aka same ta, a Jaji ta jihar Kaduna. Da ta dawo a farkon 2015, a Kano da Legas ta fara bayyana, gonakin kasuwanci da ke kewaye da birnin nan kuwa sun ji jiki. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya, irin waɗanda ke sauka a dausayin Haɗeja zuwa Nguru lokacin sanyi, su ake kyautata zaton suna shigo da ita. Amma in ta shigo, mutum ne ke yawo da ita: a kiret ɗin ƙwai da ke zagaya gonaki ba a wanke ba, a tayar mota, a takalmin ma'aikaci, a buhun abincin da aka sake amfani da shi, a kashin kaji da ake lodawa a kai wa masu noman rani, da kuma kajin da ake kwasowa a zube a kasuwa da zarar mai gona ya ga sun fara faɗuwa. Duk wannan zirga-zirga ta kasuwanci ce. Kajin da ke tsakar gida a Ɗorayi ko Kurna ba ruwansu da ita, sai dai ta same su har gida.

Ba ina cewa kiwon gida ba shi da haɗari ba ne. Yana da shi, kuma babban haɗarinsa shi ne shiru. Abin da masu wa'azin tsafta ba sa so su tambaya shi ne, me ya sa ake yin shirun?

Wanda bai san matsayin kaza a gidan talakan Kano ba, ba zai gane ba. Ga matar da ba ta fita, kaza asusu ce mai ƙafa biyu. Da dusa da tsaki da ƙanzon tuwo take kiwonta, ba ta sayen komai. In yaro ya kwanta zazzaɓi a kama zakara a aika kasuwa. In zubin adashi ya taso, ko kuɗin Laraba na makarantar allo, ko maƙwabciya ta haihu ana so a fita kunya ranar suna, nan ake komawa. Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da mijinta ya rasu, da kaji da zabi take rufa wa kanta asiri. Na ce mata, "Inna, in kika ga sun fara mutuwa, ki aiko yaro a kira likitan dabbobi." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in sun zo ai sauran za su kashe. Wa zai biya ni?" Duk sanarwar da ake yi a rediyo ba ta taɓa amsa wannan tambayar ba.

Gaskiya ta faɗa. Tsarin da Najeriya ke bi shi ne in an tabbatar da cutar a wuri, a hallaka duk tsuntsayen da ke wurin, masu ciwo da masu lafiya, a binne, a yi feshi. A ilimance ba laifi a cikin wannan, haka ake yi a ƙasashe da yawa. Amma tsarin ƙafa biyu gare shi, kashewa da biyan diyya, mu kuwa kullum ta farkon muke gaggawar ɗagawa. A 2006 naira 250 gwamnati ta yanke wa kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba ko a lokacin, mutane suka yi ta ɓoye kajinsu suna sayarwa a asirce. Sai da Bankin Duniya ya shigo da bashin dala miliyan 50, aka gyara farashin diyyar ya kusanci na kasuwa. Wato mun riga mun koyi darasin, da tsada ma muka koye shi. Duk da haka bayan annobar 2015 masu manyan gonaki, waɗanda ke da ƙungiya da takardu da bakin magana a Abuja, sun sha jiran diyyarsu suna ta koke a jaridu. In mai kaji dubu goma ya yi wannan jiran, ina ga mai kaji goma sha biyu wadda ba ta da rasit, ba ta da rajista, ba ta ma san ofishin da za ta nufa ba?

Sai ta yi lissafin da duk mai hankali zai yi a matsayinta. Waɗanda suka fara langaɓewa a sa musu wuƙa kafin su zama mushe. Waɗanda ke da sauran kuzari a ba dillali ya wuce da su kasuwa ko da rabin kuɗi ne. Waɗanda suka riga suka mutu yaro ya kai bola ko ya jefa a kwata, inda kare da mage da kajin maƙwabta za su same su. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan hanya ce da cutar ke so. Ba jahilci ne ya sa ta yi haka ba, mu ne muka shirya abin ta yadda faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa tsada. Wanda ya ce a hana kiwo gaba ɗaya ƙara wa ɓoyon ƙarfi kawai zai yi, don kajin za su koma bayan ɗaki da ƙarƙashin matakala, inda ba idon da zai gan su.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Mutuwar kaji da hunturu ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Cutar Niyukasil, wadda masu gonaki ke yi wa rigakafin Lasota, kusan duk shekara sai ta share akurkai. Alamominta kuma sun yi kama da na murar tsuntsaye: kaza ta takure, ta daina ci, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, da safe a tarar da ita a miƙe. Ko kumburin kai da zankon da ya koma shuɗi ba su isa a yanke hukunci ba, ƙwararren likita ma sai ya aika samfur ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato. To ta yaya ake so Inna ta bambance? A wurinta annobar kaji ce ta bana, kamar ta bara. Za ta jiƙa musu maɗaci ko barkono, ta fasa ja-da-yalo a ruwan shansu, alhali ja-da-yalo ba abin da yake yi wa wannan ƙwayar cuta. Ita Niyukasil ɗin tana da rigakafi mai araha, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake haɗawa a Vom, ana ɗiga shi a idon kaza. Da ana bi unguwa-unguwa ana yi wa kajin gida shi kafin sanyi, da mutuwar kaji a jere ta zama abin tayar da hankali, kowa ya gane cewa wannan ba irin wadda aka saba ba ce. Mun bar ƙaramar annoba ta zama bargon da babbar ke laɓewa a ciki, sannan muna mamakin yadda ba a kai rahoto.

Shawarwarin da ake karantowa ma, ka ji su ka san don mai gona aka rubuta. A sa kwamin tsoma ƙafa a bakin ƙofa, a hana baƙi shiga, ma'aikata su canza kaya. A gidan haya mai iyali shida da tsakar gida ɗaya, wace ƙofar? Abin da mai kiwon gida za ta iya bai kai haka wuya ba, kuma ya kamata a faɗa mata shi da harshenta. Duk tsuntsun da aka sayo ko aka kawo kyauta a ware shi a keji shi kaɗai na aƙalla mako biyu kafin ya haɗu da sauran. Agwagi su zauna daban da kaji. In ana jin labarin cutar a gari a kulle kaji a akurki, a rufe ruwansu da abincinsu kada tsuntsayen sama su sauka a kai. Kada dillalin da ya fito daga cikin kajin wasu ya shigo yana ɗaga naki. Mushe kuma a sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu, kada a aiki yaro da shi. Amma a lura, kulle kaza na nufin sayen abincin da a da take tsinta da kanta, wannan ma kuɗi ne.

Kasuwa kuwa ita ce inda ya kamata hukuma ta nuna ƙarfinta, ita ce kuma aka fi lallaɓawa. Duk wanda ya shiga wajen 'yan kaji a Sabon Gari ko Tarauni ya ga yadda abin yake. Keji kan keji, kashin na sama na zuba kan na ƙasa, agwagwa da talo-talo da tantabara da kajin gona duk a haɗe. Gefe guda ga masu figa da tukunyar ruwan zafi guda ɗaya tun safe, jini da gashi na bin ƙasa. Abin da bai sayu ba yau ya kwana, gobe a zubo sababbi a kansa. Ba na zargin 'yan kasuwar, neman halak ɗinsu suke yi a wurin da aka ba su, kuma ana karɓar haraji a hannunsu. Ina ruwan famfo, ina magudana, ina ranar da ake kwashe kaji a wanke rumfuna a yi feshi? Masu cewa a shigo da allurar rigakafin murar tsuntsaye a huta, su sani gwamnatin tarayya ba ta amince da ita ba, kuma ko ta amince ba Inna ce za ta fara samu ba.

Kada kuma a ɗauka maganar dukiya ce kaɗai. A farkon 2007 cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Naman da ya dahu sosai ba shi da matsala, zafin girki na kashe ƙwayar cutar. Haɗarin na wajen yanka da figa da fiɗa, kuma a gidajenmu mata da yara ne ke wannan aikin. Duk kazar da aka yanka a ɓoye don gudun asara, hannun uwa ko na ɗanta ne a cikin jininta.

Tun 2024 muna da ma'aikatar tarayya sukutum ta bunƙasa kiwo, jiha ma na da likitocin dabbobi da asibitocinsu a cikin birni. Abin da nake nema a wurinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da asarar annoba guda. A ware kuɗin diyyar ƙananan masu kiwo kafin hunturu ya shigo, a ajiye su a Kano. In an zo hallaka kaji, a ƙirga a gaban mai unguwa, a biya da farashin kasuwar ranar cikin mako guda, a hannun matar da ta yi kiwon, ba a hannun wani da zai karɓa a madadinta ba. A kuma sanar da adadin a rediyo, nawa ne kaza, nawa ne zabuwa, nawa ne agwagwa, yadda kowace mace a Gwale da Dala da Tarauni za ta san abin da za ta karɓa tun kafin ta aika a kira likita.