Ko'ko' bai yi wa kowa laifi ba

Wai "tsuntsun da ya ƙi tashi ai shi ya jawo wa kansa." Haka wani bawan Allah ya faɗa jiya a kan ko'ko', tsuntsun tsibirin Guam da ke Tekun Pasifik wanda ba ya tashi, wanda maciji ya kusa ƙarar da shi, har da ƙyaƙyata dariya. To sannu malam masani, Allah ya ƙara basira.

Shi ya jawo wa kansa? Shi ya yi hayar jirgin ruwa ya ɗauko maciji? Tsuntsun nan ya yi zamansa a tsibirinsa kaka da kakanni, babu macijin da ke farautarsa. Tashi sama kuwa ba kyauta ba ne, tsokar ƙirji abinci take ci ba kaɗan ba. Wanda ba a kora, don me zai yi ta ciyar da fiffike? Sai ya zuba ƙarfinsa a ƙafa, yana ratsa ciyawa a guje, sheƙarsa ma a ƙasa yake yi. Wannan tattali ne, ba lalaci ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne macijin bishiya mai ruwan ƙasa ya shigo a ɓoye cikin kayan da jirage suka sauke. Ya bi ƙwai, ya bi 'yan tsaki. Masu fiffiken da kuke yabo fa? Har kan reshe ya bi su, yawancin tsuntsayen dajin Guam suka ƙare ƙurmus. To ina tashin ya kai su? Mutum ne ya kawo maciji, ba ko'ko' ba.

Wallahi abin da ke taɓa ni shi ne ko'ko' guda 21 kacal aka iya tsamowa a shekarun 1980. Daga su aka yi ta kiwo, aka saki wasu a tsibirin Rota, wasu a tsibirin Cocos a 2010. A 2019 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Wasu mutane sun kashe ƙuruciyarsu a kan wannan, kai kana nan kana dariya.

Kada ma wani ya zo min da "ai kuɗin wannan aikin, da ma mutane aka bai wa." Macijin nan turakun lantarki yake hawa yana ɗauke wa mutanen wuta.

Af, kun san da me ake kashe macijin? Farasitamol! A cusa a cikin mataccen ɓera, a jefo daga jirgi mai saukar ungulu, ya maƙale a bishiya. Tun da na ji haka nake yi wa ƙwayar nan wani irin kallo duk sanda kaina ya sara.