Gafakar Kakana

Duk wanda ya san ni ya san ciwona: kayan tarihi. In na sauka Kaduna, kafin in gaida 'yan uwa sai na leƙa Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna har zuwa 15 ga Janairun 1966, wanda aka mayar cibiyar tarihi a 1970 da Farfesa Abdullahi Smith a kan gaba. Ga ɗakin karatu, ga ɗakin kayan tarihi. Har ta kai ina tare baƙi ina yi musu bayani, ba wanda ya sa ni.

To bara damina ta huda rufin ɗakin marigayi kakana. Muna fitar da kaya sai ga wata tsohuwar gafaka a ƙasan adaka. Fatar ta bushe ta yi baƙi, ciki takardu sha huɗu na ajami, gara ta ɗan lashi gefensu. Ni boko na yi, allo kuwa a izu biyu na gudu, don haka ko baƙi ɗaya ban iya haɗawa ba. Amma wannan bai hana ni ba da fatawa ba. Da la'asar na shaida wa dangi waƙar wa'azi ce ta zamanin Shehu. Kafin isha'i ta zama tarihin jihadi.

Na sha babbar riga, na naɗe gafaka cikin sabuwar darduma, na ɗauki uwargida ta zame mini shaida, sai Kaduna.

Dattijon da ya karɓe mu ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar farko a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya daɗe yana dubawa.

"Allah gafarta Malam, wane ƙarni ne?"

"Alhaji, ai ga fam da sule a ciki. Kakan naka me yake sayarwa?"

"Goro."

"To shi ne."

Ya shiga karantawa a fili, ga ɗalibai biyu sun baza kunne. Goro ƙwarya uku, ban biya ba. Kuɗin jirgin ƙasa, rance. Fam biyu da sule goma, sai bayan Sallah. Takarda sha huɗu, babu "na biya" ko sau ɗaya. Gumi ya jiƙa mini hula.

Malam ya lallashe ni, ya ce wannan ma tarihi ne, masu bincike suna neman farashin kaya kafin zuwan naira a 1973. Har na fara gyara zama ina ɗaga kafaɗa. Sai ya karanto sunan wanda ya fi kowa bin bashin, da unguwarsu, har da laƙabinsa.

Uwargida, wadda tun zuwanmu take hamma, ta miƙe zaune.

"Malam, don Allah a maimaita."

Kakanta ne.

Takardun dai na bar musu kyauta, amma sai da ta ɗauki hoton kowacce a waya. Ko Kawo ba mu wuce ba ta juyo ta dube ni.

"Maigida, fam bakwai na wancan zamani, nawa ke nan a kuɗin yau?"