Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe

Kun ga bidiyon nan da ake ta yaɗawa, na uban da ya tsare ɗansa yana ce masa malalaci saboda ya yi ƙiba. Raina ya ɓaci, musamman da na ga masu yabonsa wai tarbiyya yake yi. Wace tarbiyya? Mutumin da ke kishingiɗe a kujera, ruwan sha ma sai an miƙo masa, shi ne zai koya wa yaro motsa jiki?

Yaro ba maganarka yake bi ba, sawunka yake bi. Ka dawo gida ka zube, waya a hannu har dare, sannan ka ce masa ya tashi ya yi gudu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Kai da ba ka cika naka ba, da wane baki za ka tuhume shi?

Za a ce aiki ya yi yawa. Mai awa uku na kallon waya bai rasa minti 20 ba. Za a ce waya ce ta lalata yaran yanzu. Wa ya miƙa masa ita tun yana ɗan shekara biyu don ya yi shiru?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yaro ne ke fara neman mu. Ya zo da ƙwallo a hammata, ya kama yatsanka yana ja, "Baba, zo mu buga." Ka ce ka gaji. Gobe ya dawo, ka ce anjima. Wata rana ya daina zuwa. Da ka tashi, da kai ma ka rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari, shi kuma ya saba. Don Allah iyaye, idan ya ja hannunku, ku tashi.

Sai kuma 'yan mata. Binciken hukumar na 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsa jiki, maza kashi 78. Yarinya na fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle ta zauna wuri ɗaya. Ita ba ta da ƙashi da zuciya ne?