Ranar da dandamalin bayan gidana ya riƙe Kawu

Gidan da muke zaune a Kolumbus ta jihar Ohayo yana da dandamalin katako a baya, irin wanda Amurkawa ke ce wa dek, faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa 16. Lokacin da muka tare launin zuma gare shi. Da ya sha dusar ƙanƙarar hunturu biyu sai ya koma toka-toka, gefen da inuwar bishiya ke rufewa kuma ya yi gansakuka, santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Ga Babbar Sallah saura kwana takwas, ga baƙi za su zo cin nama.

Uwargida ta ce, "Maigida, ka kira masu aikin nan mana." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ni da na tashi da wankin tsakar gida duk Juma'a, yau a ce sai na biya wani dala ya wanke mini katako?

A yi mini adalci, farkon aikin na yi shi daidai. Na bi da sukundireba ina tsokanar gindin ginshiƙai, da matakala, da katakon da ya haɗa dandamalin da bangon gida, don nan ruwa ya fi kwanciya. Duk inda ƙarfen ya nutse ba gardama, ruɓa ce. Na sami katako biyu haka, na canja su. Ƙusoshin da suka ɗago kai na zare, na sa sukuru mai inci 3 wanda ba ya tsatsa, domin ƙusar da ta taɓa ɗagowa ko ka mayar da ita da guduma sai ta sake leƙowa. Na kuma sa wuƙar kankare fenti na fitar da ruɓaɓɓen ganyen da ya toshe tsakanin katakai, wanda shi ke riƙe danshi ya cinye katakan da ke ɗauke da nauyi ta ƙasa. Daga nan ilimi ya sauka, ƙarfin hali ya hau.

Na juye jarkar bilic na wanki zallansa, ban sirka ba. Gansakuka ta mutu nan take, na ji daɗi. Abin da ban sani ba shi ne bilic mai ƙarfi yana cin danƙon da ke haɗe zaren katako, sai fuskar ta yi fari fat kamar ƙafar yaro a hunturun Kano. Ruwan da ya gangara kuma ya tarar da yakuwa da tumatirin da uwargida ta shuka a gefe. Ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Washegari na yi hayar injin feshin ruwa irin na masu wankin mota, mai ƙarfin PSI 3,000 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwan). Ya zo da kawuna biyar: ja, rawaya, kore, fari da baƙi. Na zaɓi ja saboda ya fi kama da mai aiki. Ashe ja ba ya baza ruwa ko kaɗan, tsinke ɗaya yake fitarwa kamar mashi. Ina matsawa ya yanka layi a katakon, na firgita na karkata hannu, ya ƙara wani. Kafin in lalubo makashin na rubuta abin da ya yi kama da "bismi" na ɗan makarantar allo a ranarsa ta farko. Ga ni da silifas, babban yatsana ya tsira da ikon Allah kawai.

Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga kafinta, ya leƙo ta saman shinge ya daɗe yana kallo. Sannan ya karanta mini darasi. Katako mai laushi irin wannan ba ya son abin da ya wuce PSI 500 zuwa 600. A sa farin kai mai baza ruwa digiri 40, a riƙe shi nesa da katako kamar ƙafa ɗaya, a bi tsawon katakon ba a gicciye ba, kada kuma a tsaya wuri guda. Ya ce in ma don gansakuka ce ba sai da inji ba: garin wanki mai oksijin irin su OxiClean, kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwan ɗumi, a jiƙa, a bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da ya bushe ba, a goge da buroshi mai tauri, a ɗauraye. Shuke-shuke kuma a shayar da su ruwa sosai kafin a fara. Wannan na ƙarshen uwargida ta ji shi ta taga.

Na jira kwana biyu cur katakon ya bushe, na bi shi da samfefa mai lamba 80 har gashin katakon da injin ya tayar ya kwanta, don in ba haka ba sartse za a yi ta cirewa daga ƙafar yara. Na ɗiga ruwa in gwada: ya shige cikin katakon, alamar zai sha mai. Da ya tsaya dunƙule a sama, da sauran aiki.

Saura shafa man da ke ba katako launi ya kuma kare shi daga ruwa da rana. Dattijon ya ce galan ɗaya, wato lita 3.8, zai kusan isar wannan fili, a shafa shi siriri, katako biyu ko uku daga farko har ƙarshe, a inuwa, abin da bai shige ba bayan kamar kwata na awa a goge da tsumma. Na ji duka, ban da "siriri" da "inuwa". A wajenmu ai mai ba ya yawa a miya. Galan uku na saya, na lafta su duka, da tsakar rana, ranar jajibere. Katako kuwa cikinsa kamar na mutum ne, in ya ƙoshi ya ƙoshi. Ragowar sai ya kwanta a sama, rana ta busar da fatarsa, ƙasan yana nan danƙo.

Da safiyar Sallah ina tara guntayen katakon da na cire don hura wutar gashi, dattijon ya ƙwalo kira har da ɗaga hannu biyu. Katakon waje an dafa shi da maganin gara da ruɓa, wanda aka yi kafin 2004 ma yawanci akwai gubar arsenik a ciki. Ba a ƙona shi, balle a gasa rago a kai.

Bayan azahar baƙi suka cika. Dandamali yana ta sheƙi, ana ta yaba mini. Aka shimfiɗa tabarmi, amma Kawu, dattijon da duk Hausawan garin ke girmamawa, ya ce gwiwarsa ba ta son ƙasa, ya zauna a kan bencin da ke jikin dandamalin da farar shaddarsa. Ya ci nama, ya sha zoɓo, ya yi addu'a doguwa. Ya yunƙura zai tashi, benci ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, sai muka ji "ɓaaar", ya miƙe da layuka uku ruwan ƙasa a bayansa, tsaf kamar an auna. Ya waiwaya ya ce, "Ɗana, da gam ka shafe dakalin nan ne?" A can gefe wani yaro yana tsaye da ƙafa ɗaya, silifas ɗinsa ya ƙi biyo shi.

Kwana uku na yi a durƙushe ina goge danƙon da farin man wanke buroshin fenti, ɗan'uwan kananzir. Tsummokaran ma ba a tara su a dunƙule, man da ke jikinsu yana ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa, don haka a gwangwanin ƙarfe mai ruwa na riƙa tsoma su. Tabarma ɗaya sai da wuƙa ta fita, zanen saƙarta yana nan a katakon har yau. Shaddar Kawu kuwa na biya yadi goma. Yanzu in zai zo gidanmu, da kujerarsa ta roba yake zuwa a bayan mota.